HATTARA DA "MAN WIWI": BA IRIN MAN HABBATUS SAUDA BA NE



Wanda ya wuni sunkuye a fadamar Auyo yana dashen shinkafa, ko ya kwana a kwalekwale wajen Guri, dole jiki ya yi tsami. A irin wannan hali ne ake yaudarar matasa da wani mai kauri kamar zuma, wai maganin gajiya da rashin barci ne, "ai daga ganye aka samo shi".

Wannan tataccen man tabar wiwi ne. Sinadarin da ke bugarwa, wato THC, yakan kai kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari a cikinsa, ya ninka na ganyen sau da yawa. Kuma malamai sun yi bayani: abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko an sauya masa suna.

*Illarsa ga mai sha*
• Bugun zuciya da sauri, firgita, da amai ba ƙaƙƙautawa.
• Gane-gane da zargin mutane, har ya kai ga taɓin hankali, musamman ga matashi, don ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.
• A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da sama da mutum 2,800 da ciwon huhu, 68 suka rasu. Yawancinsu sun zuƙi gurɓataccen man ne ta sigarin lantarki.
• Idan aka sa shi a alawa ko biskit, sai ya kai awa biyu bai nuna ba, mutum ya ƙara ci. A 2021 hukumar NDLEA ta kama irin wannan biskit a Abuja.

*Haɗarin haɗa shi*
Masu tace shi sukan yi amfani da gas. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya a ɗaki ba a gani. Ashana ɗaya, ko kunna makunnin lantarki, sai wuta ta tashi, har maƙwabta su shiga uku.

*Idan tsautsayi ya faru*
1. Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi na minti 20. Ban da ƙanƙara, man goge baki ko ɗanyen ƙwai.
2. Yaro ya ci: a kwantar da shi ta gefe. Kar a ɗura masa madara ko manja, zai iya shaƙewa.
3. A garzaya Babban Asibitin Hadejia, a faɗa wa likita gaskiya.
4. Wanda ya riga ya kamu, a ja shi a jiki, ban da duka ko mari. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure.

Iyaye, a sa ido. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.

A tura wa sauran 'yan uwa.