Zaɓen Hanyar Hawan Dutsen Ben Nevis da Hunturu

A ƙasar Sikotilan, kusa da garin Fort William, akwai wani dutse wai shi Ben Nevis. Tsayinsa mita 1,345, duk Birtaniya babu wanda ya kamo ƙafarsa. Lokacin zafi har yara da dattawa sukan hau shi. Amma da hunturu ya kama sai labari ya sha bamban, domin hunturunsu ba irin namu na ƙura da tsagewar leɓe ba ne. Dusar ƙanƙara ce ke lulluɓe dutsen har hanya ta ɓace.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda aka sara a 1883 domin dawakin da ke kai kaya tashar duba yanayi da ke can ƙoli, wadda aka rufe a 1904. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 16 ne, kuma ko lokacin zafi takan ci wa mutum awa bakwai ko fiye. To, a watan Disamba kuwa hasken ranar duka bai wuce awa bakwai ba. Ke nan tilas a yi sammako, a riƙe tocila.

Wai ita ce mai sauƙi, amma ni ban yarda a kira ta haka ba. Saman dutsen fili ne shimfiɗaɗɗe, daga arewa kuma gangare ne a miƙe, zurfinsa wajen mita 700. Iska takan tara ƙanƙara a bakin gangaren ta yi leɓe, mutum ya taka yana zaton ƙasa ce, ashe babu kome a ƙarƙashi. In hazo ya sauko, sama fari ƙasa fari, sai taswira da kamfas. Mai saukowa daga ginshiƙin ƙoli yakan saita kamfas a 231, ya yi mita 150 yana ƙidaya taku, sa'an nan ya juya 282. In ya karkata dama, kwazazzabon Gardyloo na jiransa. In ya yi hagu da yawa, sai na Five Finger, inda rayuka suka salwanta.

Akwai hanya ta biyu ta kan Carn Mor Dearg. Siririn doron dutse ne, rami hagu rami dama, ga nisa. Wannan ta gwanaye ce masu gatarin ƙanƙara da ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, ko da yake ta farkon ma ba a hawanta da hunturu sai da su.

Kwazazzaban arewa kuwa sai ƙwararru. A watan Maris na 2019, ƙanƙara ta zaftaro a wanda ake kira Lamba 5, ta kashe mutum uku. Saboda irin wannan ne ake fid da rahoton haɗarin zaftarewa kullum da hunturu. Masu hawa sukan duba shi tun da dare, su ga inda iska ta kwana biyu tana busowa, domin gefen da ke ba iska baya nan ƙanƙara ke taruwa, nan kuma ta fi zaftarewa.