Ruwa ba ya tsami banza: ka leƙa ƙasan kwamin kifinka

Matashi, ka tara kuɗin da ka samu a gonar rake a Makarfi, ko a tsinkar tumatir a fadamun Kudan, ka kafa tankin tamfol a bayan gida ka zuba 'ya'yan tarwaɗa. Sati shida komai lafiya lau. Wata safiya sai ka tarar da su tsaye cirko-cirko a saman ruwa, sun ƙi cin abinci, ruwan yana wari. Kafin ka ɗora laifi a kan wanda ya sayar maka da iri, ka leƙa ƙasan tankin.

A can ne kashin kifi da ragowar abinci ke kwanciya, musamman a ramin da ke bakin bututun fitar da ruwa. Idan suka ruɓe sai su saki amoniya, gubar da ke ƙona kumatun da kifi ke numfashi da su. Tarwaɗa na iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jurewa, har ka zaci babu matsala alhali girmanta ya tsaya. Abinci kuma shi ke cin kaso mafi tsoka na jarinka.

To yaya za a yi? Kowace safiya, kafin ka ba da abinci, ka buɗe bututun ƙasa har sai baƙin ruwan ya wuce, mai haske ya biyo baya. Ka cike gurbinsa da sabo. Kada ka zubar da ruwan gaba ɗaya lokaci guda, sauyin zafi da sanyi na gigita kifi, balle da hunturu. In ruwan famfo ne mai kulorin, ka bar shi ya kwana a duro tukuna.

Idan kana da duron tacewa mai raga, soso da tsakuwa, a nan da yawa ke kuskure. Santsin nan da ke jikin tsakuwar gidan bakteriya masu amfani ne, su ke karya amoniyar. Ka ɗauraye soson da ruwan da ka ɗebo daga tankin, a hankali. Omo da sabulu kuwa, ko kusa kada su zo.

Sannan ka rage hannu wajen abinci. Abin da ya rage yana yawo bayan sun ƙoshi, kwashe shi.

Ka tuna a Ikara da kewaye rijiyoyi na ja baya a watannin Maris da Afrilu. Ka lissafa ruwanka kafin ka ƙara kifi. Wanda ka fitar ma kada ya bi kwata ya haɗa ka faɗa da maƙwabta. Ka ja shi zuwa fangalin alayyahu ko tumatir, taki ne.

In ka shiga Zariya, ka tsaya cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ka nemi ƙarin bayani. Amma gobe da safe, fara da buɗe bututun nan.