Burtali da Iyaka: Layi Biyu a Ƙasar Karakara

Duk wanda ya zauna a Karakara ya san layi biyu da hukuma ke da iko a kansu, ko da bai taɓa ganin takardar da ta kafa su ba. Na farko burtali ne, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki in za su mashaya ko makiyaya. Na biyu iyaka ce, wadda ta raba wannan yanki na Dallol Mauri da jihar Kebbi ta gabas, ta kuma raba Gaya da Malanbil ta kudu, inda kogin Isa ya shiga tsakanin Nijar da Benin. Tambaya ɗaya layukan biyu ke amsawa: wa zai wuce, yaushe, kuma ɗauke da me. Amma yadda aka tsara dokar kowanne ya sha bamban ƙwarai, kuma a wannan bambanci ne mutum zai ga fuskoki biyu na mu'amalar gwamnati da talakanta.

Dokar da ke tsare burtali ta daɗe a kan wuta kafin ta nuna. Bayan fari da yunwa sun girgiza ƙasa, an yi babban taro a Maraɗi a 1984 kan gurgusowar hamada, aka yi wani a Tawa a 1985 kan kiwo. A 1986 aka kafa kwamitin da zai rubuta dokar karkara, wadda ma'aikata ke kira Code Rural. Shekara bakwai ana kai da kawo, ana sauraron sarakuna da alƙalai da malaman gona da makiyaya. Ana tsakiyar wannan aiki ne, a 1991, aka yi kisan Toda a jihar Maraɗi, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Sai ranar 2 ga Maris 1993 dokar ta fito. Ko a lokacin ma ginshiƙai kawai aka kafa, aka bar ɗaki-ɗaki ana ginawa a hankali. Kwamitocin filaye na farko sun soma aiki a Mirya da Maine Sorowa a 1994, ita kuwa dokar da ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi sai da ta jira har 20 ga Mayu 2010.

Dokar rufe iyaka kuwa ba ta san wannan jira ba. Ranar 20 ga Agusta 2019 mutanen bakin iyaka suka wayi gari Najeriya ta rufe ƙofofinta na tudu. A watan Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A Disamban 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, amma Kamba, wadda ita ce ƙofar mutanen Gaya da Junju da Karakara, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Ba a cika shekara biyu ba aka sake rufewa. Juyin mulki ya auku a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarkin da ke zuwa ta Birnin Kebbi. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe nasu ɓangaren gadar Gaya ta iyakar Benin bisa hujjar tsaro. Gwamnatoci daban-daban ne, dalilai ma daban-daban, sai dai salon ɗaya ne: a yanke a sama, a sanar a rediyo.

Abin da ya fi burge ni a dokar karkara shi ne ta yi wa kanta ƙofa a kowane mataki. A ƙauye akwai kwamitin filaye wanda mai gari ke shugabanta. A matakin komin akwai na magajin gari, a sama da shi akwai na perfe. An ware kujerar manomi da ta makiyayi da ta mata da ta matasa, ga kuma malamin gona da malamin dabbobi da na gandun daji. In mutum ya gaji gona, ko ya saya, ko an ba shi aro ko jingina, zai iya samun takardar shaida ba tare da ya taka ƙafa zuwa Doso, babban birnin jihar, ba. In shanu suka yi ɓarna, akwai masu zuwa su duba su ƙiyasta, kuma kafin magana ta kai gaban alƙali sai ta bi ta fada an nemi sulhu. Dokar ba ta ture al'ada gefe ba. Ta amince cewa gonar da mutum ya gada bisa al'ada mallakarsa ce kamar wadda aka rubuta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da yawancin gonaki shaidarsu tana bakin dattawa da gindin itatuwa.

A ɗauki ranar sakin gona. Kowace shekara bayan kaka ana tsayar da ranar da dabbobi za su shiga gonaki su ci kara da harawar da ta rage. Gwamna ne ke sa hannu, amma kafin ya sa, magana ta riga ta taso daga ƙasa: wane yanki ya gama yankan gero, ina dawa ba ta bushe ba, ina wake ke shimfiɗe. Galibi ranar kan faɗo tsakanin Disamba da Janairu. Manomi kan ce an yi gaggawa, makiyayi kan ce an makara har shanunsa sun rame, ba a rasa gunaguni. Amma kowa ya san ranar tun kafin ta zo, ya san dalilinta, ya kuma san wanda zai tara da ƙorafi in an cuce shi. A fadamun Dallol, inda rake da rogo da dankali ke tsaye har cikin rani, wannan sani shi ne bambancin shekarar lafiya da shekarar zubar da jini.

Ranar rufe iyaka ba ta da irin wannan ƙofa. Mai rake da ya saba kai kaya kasuwannin Kebbi, da matar da 'yarta ke aure a Kangiwa, da mai kabu-kabu da abincinsa ke kan hanyar Kamba, babu wanda aka tambaya, kuma babu ofishin da za su je a saurare su. Magajin gari ba shi ya rufe ba, perfe ba shi zai buɗe ba, sarki ma a rediyo ya ji kamar kowa. Ba a faɗi ranar ƙarewa ba, don haka ba wanda zai iya lissafin ko ya riƙe hatsinsa ko ya sayar, ko ya ci bashi ya jira ko ya canja sana'a. A rufin 2023, a Gaya manyan motoci sun yi layi sun tsaya, kayan da da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, kuɗin zagayen kuma ya sauka a kan mai sayen tiya ɗaya ta shinkafa. Mutane suka koma wa kwalekwale, fasinja ya sauka a wannan gaɓa ya biya a tsallakar da shi ya hau wata mota a waccan.

Sai dai adalci ya wajaba a nan, don doka mai sauri ba ta rasa hujja. Najeriya ta zuba kuɗi a noman shinkafa, kuma a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Nuwamban 2015. Manomin Kebbi ba zai iya gogayya da shinkafar waje da ake saukewa a Kwatano a shigo da ita ta bayan gida ba. Man da gwamnati ke biya wa tallafi a wancan lokaci don 'yan ƙasarta ya riƙa tsiyayewa zuwa maƙwabta a jarka. Makamai ma ta waɗannan hanyoyi suke bi. Wace gwamnati ce za ta kira 'yan fasa-ƙwauri taro ta ce musu ga ranar da za ta rufe? Haka nan lokacin da Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, ban da zuwa Mali da Burkina Faso, ɗan kasuwa ya ji zafi, amma magidancin da ke auna gero kullum yana da dalilin yin maraba. Akwai al'amuran da shawara mai tsawo ke lalata su, kuma gobara ba ta jiran a tara dattawa. Irin wannan doka tana da haƙora. Ranar da aka sanar da ita, ranar ake jin cizonta.

Doka mai jinkiri kuwa a nan take da rauni, raunin kuma ba ƙarami ba ne. Tana da kunne amma haƙoranta ba su da ƙarfi. Kwamitoci da yawa suna raye ne muddin akwai wani shirin taimako daga waje da ke sayen takardu da man babur, in shirin ya naɗe tabarmarsa sai rajista ta koma cikin akwati. Ƙauyuka da dama ba su ma sami kwamitin ba. Ana kafa turakun siminti a gefen burtali, bayan 'yan damuna sai a ga gero ya haura su taku biyu, baɗi taku huɗu, har hanyar da garke zai bi ta zama ta mutum ɗaya. Mai kuɗi ko mai muƙami kan killace makiyaya a zuba masa ido. Kujerar mata sau da yawa suna ne kawai a takarda, ta makiyayi kuma takan faɗa hannun wanda ke zaune a gari, ba wanda ke bin shanu ba. Kuma kada a manta, a Nuwamban 2004, shekara goma sha ɗaya bayan fitowar dokar, a ƙauyen Fassi na ƙasar Gaya aka yi rikicin da ya ci rayuka fiye da goma. Dokar tana nan a lokacin, ba ta kai wurin da wuri ba.

Akwai mutum ɗaya da layukan biyu ke haɗuwa a kansa, shi ne Bafulatanin da ke gangarawa kudu da rani. A gida doka ta ce yawonsa haƙƙi ne. A yankin ma CEDEAO ta amince tun 1998 cewa zai iya tsallaka iyaka da takardar shaidar garkensa. Amma a ƙarshen 2019 Benin ta hana shigar garkunan waje, daga baya ta yi sassauci na ɗan lokaci ga Nijar, sannan ga rufin 2023, ga kuma ficewar Nijar daga CEDEAO da ta tabbata a Janairun 2025. Shanun da suka saba cin rani a hayin kogi sai su tsaya a wannan gefe, su taru a kan fadamu da rijiyoyin da dama can ba su wadatar ba. Abin da aka yanke a dare ɗaya a babban birni sai ya zo ya danne abin da aka yi shekaru ana ginawa a ƙauye, kuma mai gari da kwamitinsa su ne za su kwana suna raba faɗan da ba su suka haddasa ba.

In aka auna su ta fuskar sakamako kawai, ma'aunin ba zai rinjaya sosai ba. Rufin 2019 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa, amma farashin abinci ya hau a Najeriya, fasa-ƙwauri kuma bai mutu ba, ya dai koma daji ya ƙara tsada. Dokar karkara ta sasanta rigingimu masu yawa da ba wanda ya ƙirga, tun da rigimar da aka kashe a zaure ba ta shiga labarai, amma ba ta hana burtali ƙanƙancewa ba. Kowacce ta yi rabin aiki.

Inda na ga sun rabu da gaske shi ne a tarbiyyar da kowacce ke yi wa ɗan ƙasa. Wanda ya saba da kwamitin filaye yana koyon kawo shaida, da jayayya a gaban jama'a, da karɓar hukuncin da bai yi masa daɗi ba saboda an ji ta bakinsa. Wanda ya saba da rufin iyaka yana koyon ɓarauniyar hanya, da sanin nawa ake miƙawa a kowane shinge, da kallon mai kaki a matsayin abin da ake kauce wa. Yaron da ya bar makaranta ya hau babur yana ɗaukar jarka cikin dare ba zai manta wannan darasi ba ranar da aka buɗe ƙofa. Wannan asara ba ta fitowa a lissafin duwan, amma ni ita ta fi tayar mini da hankali, domin hukuma za ta sake buƙatar amanar wannan yaro ranar allurar rigakafi, da ranar ƙidaya, da ranar da za a ce ya faɗi abin da ya gani a daji.

Don haka na fi karkata ga hanyar burtali, da duk jinkirinta da talaucinta. Ciwonta sananne ne kuma maganinsa yana hannu: a sa wa kwamitoci kuɗi a kasafin komin, a hukunta wanda ya tuge turke ko shi wane ne. Ban ce kada gwamnati ta taɓa rufe iyaka ba, akwai ranar da dole ta yi. Amma ko ta rufe, babu abin da zai hana ta aron abubuwa uku daga ranar sakin gona: ta faɗi dalili a fili da harshen da mutane ke ji, ta sa wa'adin da za a sake duba lamarin, ta kuma bar ƙaramar ƙofa ga mazauna bakin iyaka, masu zuwa jana'iza da asibiti da kasuwar mako. Sarakunan Karakara da Junju da Gaya, da takwarorinsu na Kamba da Kangiwa, sun san mutanensu gida-gida, sun san wanda gonarsa ke wancan gefe da wanda garkensa ke wannan. Da su ake tsayar da ranar da shanu za su shiga gona kowace shekara, kuma za su iya faɗin yadda mai rake zai kai kayansa kasuwa ba tare da bindiga ta bi bayansa ta shigo ba.