CINIKIN ALBASHI: Abin da Littattafai Suka Faɗa, da Abin da Ya Rage a Ƙaura

Masu karatu waɗanda suka san Ƙauran Namoda sun san a nan ne hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. A cikin shekarar 1929 dogo ya iso garin, bayan ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, daga nan kuwa bai ƙara gaba ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zurmi da ta Shinkafi sai aka dinga ɗoro su bisa jakuna da raƙuma, daga baya kuma motoci, ana sauke su a tasha. To, ba kaya kaɗai jirgi ya kawo ba. Ya kawo wani irin mutum wanda a da ba shi da yawa a ƙasarmu, watau wanda ba ya jiran kaka sai ƙarshen wata: lebura, da mai gadi, da makaniki, da akawun tasha. Mu malaman makaranta da akawunan ofis 'yan'uwansu ne, ko mun so ko mun ƙi, gama dukanmu wani ne ke yanka mana abin da za mu ci.

Kwanan baya mun tambayi wani aji na ɗalibai masu koyon aikin malanta, muka ce, wane ne ke yanka albashin malami, kuma ta wace hanya? Wasu suka ce Gwamna, wasu suka ce shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya kuwa ya ce rabo ne. Babu wanda ya ambaci ciniki. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa jama'a labarin littattafan da aka rubuta a kan wannan al'amari.

Asalin maganar daga Ingila take. Wata mata, Beatrice Webb, ita ta fara raɗa wa abin suna a 1891, sa'an nan ita da mijinta Sidney Webb suka rubuta tarihin ƙungiyoyin ma'aikata a 1894, suka biyo da Industrial Democracy a 1897. Abin da suke nufi ba baƙo ba ne ga wanda ya san fatauci. Falke ɗaya in ya iso mashigi shi kaɗai, abin da mai fito ya yanka shi zai biya, in ya ƙi ya kwana a gaɓa. Amma ayari yana da madugu, shi ke zama ya yi magana da bakin kowa, kuma ana sauraronsa domin in ya juya da ayarinsa hasarar ba ƙarama ba ce. Haka ma'aikata ke naɗa wakilai su zauna da mai ba da aiki, a daidaita lada da sa'o'in aiki da hutu, a rubuta, kowa ya sa hannu. Bari mu kira shi cinikin gayya.

A Nijeriya dokar da ta halatta ƙungiyoyin ma'aikata ta fito a 1938, ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta Michael Imoudu kuwa tana cikin na farko da suka yi rajista, a 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsada, aka ba da kuɗin tsadar rayuwa a 1942, bai isa ba. Ran 22 ga Yuni 1945 ma'aikata fiye da 30,000 suka ajiye aiki, 'yan reluwe ne a gaba, suka yi kwana 44. Abin da suka nema shi ne lebura ya sami sule biyu da sisi a yini, a kuma ƙara rabi bisa kuɗin tsada. Gwamnati ta ƙi, amma bayan an koma aiki aka kafa kwamitin Tudor Davies, wanda a 1946 ya yarda da ƙarin kuɗin tsadar. Duk wannan yana cikin littafin Wogu Ananaba, The Trade Union Movement in Nigeria, na 1969. Ananaba ɗan ƙungiya ne, ya san mutanen da yake labari, saboda haka littafin yana da daɗin karatu. Amma fa a tuna a rigingimun shugabanni shi ma yana da nasa ɓangaren.

Wanda ya fi amfani ga akawu shi ne na T. M. Yesufu, An Introduction to Industrial Relations in Nigeria, na 1962, gama yana bayyana dokoki da majalisun sasantawa waɗanda Gwamnati ta kwaikwayo daga Ingila a 1948. A nan ne masana suka yi gardama mai ma'ana. Peter Kilby ya rubuta a 1967 cewa tsarin Ingila bai kama ƙasa ba a Nijeriya: ba a teburin ciniki ake yanka albashi ba, sai dai tsada ta yi yawa, ma'aikata su tayar, Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamiti ya yanka, kamfanoni su bi. Wasu masana suka ja da shi a kan ko ƙarfin ƙungiya ne ke kawo ƙarin, ko kuwa bukatar 'yan siyasa ce ta neman ƙuri'a. Mu dai da muka duba jerin sunayen, Tudor Davies, da Morgan wanda jinkirin rahotonsa ya jawo yajin kwana 13 a Yuni 1964, da Adebo a 1970 zuwa 1971, da Udoji a 1974, mun ga Kilby yana da gaskiya a kan yadda abin ke gudana. Inda muka rabu da shi, ba mu ga kwamitin da ya zauna don kansa ba, sai an tura shi. Robin Cohen ya bi wannan sawu cikin Labour and Politics in Nigeria na 1974.

Aibin wannan hanya a gare mu shi ne nisa. Abin da aka yanka a Ikko, ko a Abuja yanzu, kafin ya iso Zurmi ya gaji. A zamanin En'e malami da akawu bayin Sarki ake ɗaukarsu, wanda ya ce albashi bai isa ba sai a ce ya yi rashin kunya; in yana da kuka sai ya bi ta hannun wani babba ya kai gaisuwa. Har wa yau ba a rabu da jinkirin ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 30,000 ta fito a 2019, amma sai a 2024 Gwamnatin Zamfara ta sanar da fara biyansa, a shekarar da Tarayya ta ɗaga shi zuwa Naira 70,000.

Kada kuma a ce wannan sha'ani na mutanen Kudu ne. Ƙungiyar malamai ta Nijeriya an kafa ta a 1931, Ransome-Kuti na shugabanta, amma a 1948 Malam Aminu Kano ya tsaya aka kafa ta malaman Arewa, kuma daga nan aka kawo shi kwalejin horon malamai ta Maru, nan ƙasar Zamfara, inda ya koyar har ya bar aiki a 1950. A 1972 ƙungiyar malaman Arewa ta haɗu da ta ƙasa. Ashe ke nan ɗaya daga cikin tushen abin a ƙofar gidanmu yake.

Rubuce-rubucen da suka waiwayi Arewa uku za mu ambata. Michael Mason ya nuna a 1978 yadda aka gina dogon Baro zuwa Kano, daga 1907 zuwa 1912, da mutanen da sarakuna suka ɗebo bisa tilas. Bill Freund, cikin Capital and Labour in the Nigerian Tin Mines na 1981, ya ba da labarin haƙar kuza a Jos, da ɗiban gwamna na 1942 zuwa 1944, wanda ya kwashi talakawa daga lardunan Arewa, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Na uku shi ne na Paul Lubeck, Islam and Urban Labor in Northern Nigeria, 1986. Shi ya zauna da leburorin masana'antun Kano, ya tarar da yawansu almajirai ne da 'yan cin rani, ya kuma ga yadda suka tashi neman kuɗin Adebo a 1971, sau da yawa ba da jagorancin wata ƙungiya mai rajista ba, da maganar zalunci da adalci wadda suka koya a gaban malamansu. A ganinmu wannan ya fi kowanne kusa da halin mutanenmu, ko da yake Turancinsa yana da nauyi, sai an yi haƙuri.

To, mai karatu ya lura: Ikko, Inugu, Jos, Kano. A manyan garuruwa masana suka fi tsayawa. Ga kuma wata damuwa wadda ta zo bayan an rufe waɗannan littattafai. A Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a Satumba kuma, bayan an kwashi ɗalibai a ƙasar Maradun, aka rufe makarantun jihar duka na wani lokaci. Malamin da aka tura ƙauyen Shinkafi ko na Zurmi, abin da ke ransa ba albashi kaɗai ba ne. Yana tambaya ko zai komo gida, in kuwa bai komo ba wa zai riƙe iyalinsa. Wannan ma abin kai wa teburin ciniki ne, a rubuta shi cikin sharuɗɗan aiki kamar yadda ake rubuta hutu da kuɗin tafiya. Haƙƙin yin cinikin kuwa tabbatacce ne, gama Nijeriya ta karɓi yarjejeniya ta 98 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960. Sai dai wanda zai tafi yaji ya san dokar 1976 ta ce ba lada a kwanakin da ba a yi aiki ba, kuma akwai Kotun Ma'aikata da za a iya kai ƙara.

Abin da muke roƙon 'yan'uwa malamai da akawuna ba mai wuya ba ne. A Ƙaura akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'ya'yansu, akwai dattawan 'yan dako waɗanda suka san yadda sarkinsu ke yanka kuɗin buhu da 'yan kamasho. A sayi littafin rubutu guda, a zauna da su bayan La'asar, a tambaye su nawa ne lada, wa ke yanka shi, ran da aka ƙi me ya faru. A rubuta sunan gari da shekara. Akawu kuwa in ya ci karo da tsohuwar takardar biyan albashi a sito, kada ya bar wa gara ko mai ƙosai. Takardun Lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe yana iya farawa daga can, ya gwada abin da Razdan ya rubuta da abin da tsoho ya faɗa masa a bakin tasha.