Waƙa a Matsayin Sanyin Zuciya: Nazari daga Babbar Kasuwar Katsina

Wanda ya saba zama a Babbar Kasuwar Katsina ya san yadda ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, ko aka yi masa rasuwa, kan yi tsit idan makaho ya ratso layi yana rera Imfiraji. Wannan maƙala tana duba matsayin natsuwar da irin wannan mutum yake samu.

Sunan waƙar ma ya nuna manufarta. Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, ya aro shi daga Larabci, ma'anarsa yayewar ƙunci. Kafinsa Ibnun Nahwi, wanda ya rasu a 513 bayan Hijira, ya yi Munfarija a kan wannan jigo. Abin lura shi ne Imfiraji ba ta rarrashi da daɗin baki. Mutuwa take ambata, da kabari, da yaudarar duniya, sannan begen Manzo (SAW). Mai asara yana samun sauƙi ne domin an aza asararsa kusa da lahira, sai ta ƙanƙance.

Imam Gazali, a babin sauraro na Ihya'u, ya bayyana cewa mai sauraro kan ɗora lafazin mawaƙi a kan halin da yake ciki, ko da mawaƙin wani abu daban ya nufa. A nan amfanin yake, a nan kuma haɗarin: wanda aƙidarsa ba ta zauna ba yana iya jingina wa Allah ma'anar da ba ta dace da Shi ba.

Batun ya fi wuya game da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Bakin da ya rera "Na Tsaya ga Annabi Muhammadu" shi ya rera waƙoƙin da malami ba zai maimaita ba, ga kuma kalangu, wanda saɓanin malamai a kan kiɗa ya shafa. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yaba gaskiyar wani baiti na Labidu, alhali a jahiliyya ya faɗe shi. Ke nan gaskiyar magana ba ta rataya ga halin mai ita ba. A ganina, abin da malami zai bincika ga ɗan kasuwar nan shi ne inda baitin ya kai shi bayan an rufe rumfa: ga salla da Alƙur'ani, ko kuwa ya maye masa gurbinsu.