Mai Lalurar Galahanga Da Shan Magani

Akwai wata amana a gidajenmu da yawa wadda ba kasafai ake zancenta ba, watau ta ɗa ko ƙane mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum ɗaya cikin kowane 127 yana da ita. Ba shafar aljanu ba ce, kuma babu ƙwayar da ke warkar da ita. Magungunan da akan ba su na abubuwan da kan zo tare da ita ne, kamar farfaɗiya da rashin barci da tsananin fargaba.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, da yawansu sukan ɗauki magana a kan lafazinta. Mai kemis ya ce "sau uku a rana", ya ja layi uku a jikin takarda. Mu mun gane safe da rana da dare yake nufi. Shi kuwa yana iya haɗiye ukun kafin hantsi, alhali a ganinsa bai saɓa umurni ba. "Ka sha in ka ji ciwo" ma ta fi haɗari, domin ba ta da iyaka. Farasitamol da muke rainawa, babban mutum ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 cikin awa 24, abin da ya zarce haka yana iya lalata hanta. Saboda haka a faɗa masa ƙwaya nawa, ƙarfe nawa, a rubuta ko a zana, sa'an nan a sa shi ya maimaita da bakinsa ko ya nuna da hannu. A ganinmu shi ne ya kamata a koya wa, gwargwadon fahimtarsa, domin iyaye ba su dawwama.

Waɗansunsu ɗacin magani ko kaurin ƙwaya kan dame su fiye da yadda muke zato. Akan ga uwa, don tausayi, ta daka ƙwaya ta ɓoye cikin kunu. Akwai ƙwayoyin da aka yi su narke a hankali cikin jiki, in aka daka sai ƙarfinsu ya fita gaba ɗaya. Kuma ranar da yaron ya gano, ya bar kunun ke nan, ya bar yarda da mai dama shi. Gara a tambayi likita ko akwai na ruwa.

Babban abin da ke taimako shi ne son da suke yi wa tsari wanda ba ya canzawa. In aka ɗaura magani a kan bayan sallar Asuba da bayan Magariba, da yardar likita, sau da yawa shi zai riƙa tuna wa mutanen gida. Amma wannan tsarin ne watan Ramalana ke birkitawa. Wanda ya ga kowa ya kame baki yana iya ƙin ƙwayarsa, ga shi kuwa yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yakan jawo bugu mai tsanani. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha azumi, sai dai jin haka daga bakin uwa ba ya isar wasu. A kai shi ya ji daga malamin da ya amince da shi. Batun sauya lokutan shan maganin zuwa sahur da buɗa-baki kuwa na likita ne, a je masa tun cikin Sha'aban, a kuma rubuta sabon tsarin a liƙa inda na da yake.