Motar Tsere A Kan Hanyar Sara

A kwanakin nan samarinmu sun san sunayen motoci fiye da yadda kakanninsu suka san sunayen dawakai. Suna ganinsu a waya, motoci gajeru masu faɗi, masu ƙara kamar tsawa, suna shan kwana sai ka ce an manna su da ƙasa. Yara sukan yi tambaya, su ce, in da za a kawo irin wannan mota a ɗora ta a kan hanyarmu, ta tashi daga Birnin Kudu ta bi ta Sara zuwa Gwaram, minti nawa za ta yi? Tambayar tana da kyau, gama amsarta tana koya mana abin da ya kamata a sani a kowane gida da ke da mai tuƙa mota ko babur.

Wace Irin Mota Ce?

Akwai motocin tseren da ba a yarda su hau titi ba sam. Akwai kuma waɗansu da aka ƙera domin filin tsere, amma aka sa musu fitila da oda da lamba domin doka ta bar su su shiga cikin jama'a. Irin na biyun nan ne muke magana a kai. Bari mu ɗauki guda ɗaya misali, watau Porsche 911 GT3 RS, wadda kamfanin Porsche na ƙasar Jamus ya fitar a 2022.

Injinta yana da ƙarfin doki 525. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.2, iyakar gudunta kuwa kilomita 296 a awa. A watan Oktoba 2022 aka kai ta filin Nurburgring a Jamus, wanda tsawon zagayensa kilomita 20.8 ne, cike da kwana da hawa da gangara. Ta zagaye shi cikin minti 6 da daƙiƙa 49. Kuɗinta sa'ad da ta fito ya haura dala 220,000.

A bayanta akwai wani babban fiffike. Fiffiken jirgin sama yana ɗaga jirgi, wannan kuwa an kifa shi ne, domin iska ta danne motar a ƙasa. In tana gudun kilomita 285 a awa, iska tana danna ta da nauyin kilo 860, watau kamar an ɗora mata buhun masara takwas da rabi masu kilo ɗari-ɗari. Wannan nauyi ne yake hana ta zamewa a kwana.

Ranar Da Ta Hau Hanyarmu

To, a ce yau ga ta a tashar Birnin Kudu. Abu na fari da direba zai lura shi ne, motar tana kusan jan ciki. Tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tudun nan da ake yi a kan titi domin rage gudu, wanda a-kori-kura take hayewa da kaya niƙi-niƙi, ita sai ta tsaya ta karkace, ta haye shi a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. In aka ce ta sauka daga kwalta domin ta ba tirela hanya, bakin kwaltar kaɗai ya isa ya fasa mata gaba.

Na biyu, sifirin ɗinta yana da tauri ƙwarai. An yi shi haka domin kada motar ta jirkice a kwana. A fili mai sumul wannan alheri ne. A hanyar da take da faci da gargada kuwa, kowane ɗan rami yana zuwa har ƙashin bayan direba. Wani lokaci ma tayar takan yi tsalle ta rabu da ƙasa, taya kuwa in tana sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Na uku, tayoyinta. Faɗin ta baya santimita 33 ne da rabi, zanenta kaɗan ne, robar kuma mai taushi ce wadda ba ta kama ƙasa sosai sai ta ɗauki zafi. A busasshiyar kwalta mai tsabta babu kamarta. Amma da damina, sa'ad da ruwa ya kwanta a titi, faffaɗar taya marar zurfin zane takan hau kan ruwan ta yi ta sulɓi. Da rani kuma yashin da iska take sharowa kan kwalta yakan yi mata haka nan. In ƙusa ta huda ta, babu safaya a motar. Ƙafar ma ba da noti huɗu ko biyar aka ɗaure ta ba, ƙaton noti guda ne a tsakiya, mai bukatar nasa makunci dabam. Mai faci na bakin kasuwa ba shi da abin da zai kwance ta.

Mutum biyu kaɗai take ɗauka. Inda ya kamata but ya kasance a gaba, lagireto ne aka sa. Ko kwandon tumatir babu inda za a ajiye. Injinta kuma yana son fetur mai daraja ta musamman, ba kowane wanda aka zuba a galan ba.

Fiffiken fa? A nan ne abin mamaki yake. Dokar hanya ta Nijeriya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A gudun 80, nauyin da iska take ɗora wa motar bai kai buhu ɗaya ba. Watau abin da aka kashe dukiya aka ƙera bai ma fara aiki ba tukuna. Kafin direba ya ƙirga uku ya riga ya kai iyakar da doka ta ba shi, sauran ƙarfin duka sai ya zauna banza. Amsar tambayar yaran ke nan. In direban ya kiyaye doka, shi da tsohuwar motar haya tare za su isa Gwaram. In ranar kasuwar Sara ce, inda manyan motocin hatsi da amalanke da babura suke cika hanya, watakila mai babur ma ya riga shi.

Abin Da Filin Tsere Yake Da Shi

Mai kallo a waya yana ganin mota ne kawai, ba ya ganin abin da ya kewaye ta. A filin tsere dukan motoci gefe ɗaya suke fuskanta, babu mai tahowa daga gaba. An kewaye wurin da shinge, babu akuya, babu garken shanu, babu yaron da aka aika sayen gishiri. Kafin a fara ana duba kwaltar a share ta. A bakin kwana mai haɗari an bar fili an zuba tsakuwa ko an jera tayoyi, domin wanda ya kauce ya sami wurin tsayawa. Akwai ma'aikata masu tuta da suke faɗakar da direba abin da ke gabansa tun bai gani ba. Motar asibiti da ta kashe gobara suna tsaye suna jira. Direban yana da hular kwano da rigar da ba ta cin wuta da sauri, ya kuma bi wannan kwana sau ɗari, ya san ta kamar hanyar ɗakinsa.

Hanyar jama'a kuwa ta jiya dabam, ta yau dabam. Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Agusta 2021 ba, sa'ad da ruwa ya cinye gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, motar fasinja ta faɗa ciki, mutum wajen 20 suka rasu. Babu mai tuta da ya tsaya ya faɗa wa direban cewa hanya ta yanke.

Turawa ma da hasara suka koyi wannan. A ƙasar Italiya an daɗe ana wani babban tsere a kan hanyoyin jama'a, mai suna Mille Miglia. A 1957 tayar wata Ferrari ta fashe tana cikin gudu, direba da abokinsa suka mutu tare da 'yan kallo 9, biyar daga cikinsu yara. Daga wannan shekara aka daina tseren. Haka nan tseren Dakar, wanda ya yi shekaru yana ratsa Agadas da hamadar Nijar, ya sha cin rayukan mutanen ƙauye. A watan Janairu 2006 yara biyu suka mutu a cikinsa, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Direbobin nan gwanaye ne, motocinsu kuma lafiyayyu. Hanyar ce ba ta tsere ba.

Lissafin Da Ba Ya Canzawa

Ga wani lissafi da ɗan firamare zai iya yi. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idon direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, daƙiƙa guda ta wuce, sau da yawa ma fiye. Mita 28 sun tafi ke nan birki bai fara aiki ba. A gudun 200, cikin daƙiƙa biyu mota ta wuce tsawon filin ƙwallo. Birkin motar tsere ya fi na kowace mota kyau, amma ba ya ƙara wa idon mutum sauri.

Bayan haka, in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake bukata ba biyu take ninkawa ba, huɗu ne. Ƙarfin karo ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65 ya fi wanda aka buge a gudun 50 haɗarin mutuwa sau huɗu da rabi. A rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne babban abin da yake kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29.

Motar Da Ta Dace Da Ƙasarmu

Dattawanmu suna tune da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ba ta da fiffike, ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na Porsche ɗin nan ba. Amma tana da tsayi, sifirin ɗinta mai laushi ne, kowane bakanike kuma ya san cikinta. A wannan shekara ta 1975 ita ce ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi a kan dubban kilomitoci na laka da ƙura da duwatsu. A 1978 wata 504 mai babban inji ta sāke cinye shi, Porsche 911 ta zo ta biyu. Porsche ba ta ci tseren Dakar ba sai a 1984, bayan da aka ɗaga motar sama sosai, aka sa ƙafafunta huɗu duka suna ja. Watau kafin ta yi nasara a Afirka sai da ta bar siffar motar fili ta bi halin hanya.

Ina Ruwanmu Da Wannan?

Da wuya a ga irin wannan mota a Sara. Amma sha'awarta ta riga ta iso, tana cikin aljihun 'ya'yanmu. Muna ganinta ranar ɗaukar amarya, sa'ad da samari suke wasan mota, suna juyi suna ta da ƙura a tsakiyar mutane. Muna ganinta ga ɗan acaɓan da yake kwantawa a kan babur domin ya ƙure maleji, da direban hayan da yake so ya yi sawu uku ranar kasuwa maimakon biyu. Suna kwaikwayon abin da suka gani, da tsofaffin tayoyi da birkin da ya cinye, ba shinge, ba hular kwano. In motar da aka ƙera domin gudu ba ta iya gudu lafiya a hanyarmu ba, yaya za a yi motar da ta shekara 20 tana aiki ta iya?

Ku iyaye, kada mu tsawata wa yaro domin yana son mota. Wannan sha'awa ita take fitar da bakanike da injiniya. Gara mu zauna mu kalli hoton tare da shi, mu nuna masa shingen da masu tutar da motar asibitin, mu tambaye shi ko ya taɓa ganinsu a hanyar Gwaram. Mu ba shi lissafin mita 28 ya auna da ƙafarsa a filin makaranta. Kada mu miƙa makulli ga wanda ba shi da lasin. In biki ya tashi a gidanmu, mu faɗa tun da wuri cewa ba ma son wasan mota, mu kuma zaɓi dattijon direba ya ja gaban ayari.

Ku fasinjoji kuma, bakinku yana da amfani. In direba ya fara wuce kima, ku yi masa magana da ladabi, ku ce, "Malam, a rage wuta, ba sauri muke yi ba." In mutum ɗaya ya fara, sauran sukan goyi bayansa. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa tana aiki tun 1988, amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kowace kwana ba. Ran maƙwabcinmu da yake tafiya a gefen hanya amana ce a hannun duk wanda ya riƙe sitiyari, asibitin tarayya na Birnin Kudu kuma yana da isassun marasa lafiya ba sai mun ƙara masa ba. Sannu ba ta hana zuwa.